Azumin da Aka Yi wa Balki Allura

Ruwan bana ya zo Arlit a makare, kuma bai zauna ba. Hadari ya haɗo ta gabas, ta wajen duwatsun Abzin, ya zubar da ɗan abin da ya ɗauko, kafin la'asar rana ta lashe shi tas. Abin da ya bar mana shi ne zafin nan mai manna wa mutum riga a baya, da ƙudaje. Ina bakin ƙofa ina tsince shinkafa warin jiƙaƙƙen kwano mai tsatsa ya bugi hancina. Nan take na koma unguwar Bukoki, na koma azumin shekarar da tawaye ya dawo, lokacin 'yata Balki tana goye.

Ni 'yar Damagaram ce, Habsu sunana. Aure ya kawo ni nan. A shekarar ba ka jin maganar komi a gari sai uraniyom. An ce ya yi daraja a duniya, ana neman sabbin ramuka a daji, baƙi na ta zuwa, farare da 'yan Sin da 'yan uwanmu na kudu masu neman aiki. Maigidana Lawali ya samu tuƙin motar ruwa, yana kai wa masu haƙar gwaji can cikin hamada inda waya ba ta kamawa. A lokaci guda kuma 'yan tawaye na cikin duwatsu, ana binne nakiya a hanya, irin mai tashi da mota. Babu mai fita zuwa Agadas sai an tara motoci ayari guda, soji a gaba soji a baya. Ƙasa cike da arziki a ƙarƙashin ƙafarmu, mu kuma a samanta muna neman albasa.

Ɗaki muke haya a gidan Inna Hajo, wata tsohuwa 'yar Tawa wadda mijinta ya ƙare ƙarfinsa a ramin haƙar uraniyom na Akokan kafin ya rasu. Rabin katangar gidan laka ne, rabi gangunan ƙarfe da aka fasa aka miƙe. Gab da azumi Tekna ta zo, Buzuwa daga Gugaram, da 'ya'yanta biyu da akuya ɗaya. Faɗa ya kore su daga makiyaya, mijinta ya tsaya da sauran dabbobi. Inna Hajo ta nuna mata kusurwar tsakar gida, ta kafa rumfarta ta tabarmi, shi ke nan ta zama 'yar gida.

Azumin ya faɗo a wutsiyar damina. Wanda bai yi shi a nan ba, ba zai gane ba. Da hantsi kwanon ɗaki ya riga ya fara ƙara don zafi. In ka taɓa murfin tukunya da aka bari a rana sai ka yarfe hannu. Muna sallame asuba sai mu ɗauki bidodi, jarkokin ruwa, mu tafi pampo, ni da Tekna, mu bi layi har rana ta ɗaga. Wani lokaci ruwan ya ɗauke saura mutum biyu a zo kanmu. Mu dawo, mu jiƙa zannuwa mu rataya a ƙofa, mu kwantar da yara a ƙasa. Bayan azahar a fiddo turmi. Gero ya yi wuya, don haka muka haɗa tukunya ɗaya mu uku. Inna Hajo na tankaɗe, ni da Tekna muna daka, leɓe a bushe, ba mai magana sai taɓare. Tumatir da albasa da ke zuwa daga lambunan Abzin sun yanke. Miya ta koma kuka da busasshen tattasai. Taliyar Aljeriya da ke shigowa ta Assamaka ita ta riƙe mu, har ita ma ta fara ɓuya. Itace kuwa babu mai shiga daji nemansa, sai fasassun katakai da kashin awaki. Tekna ta koya mana gurasarsu da ake binnewa a toka mai zafi, mu karya ta cikin ruwan miya da magariba. Yanzu in na faɗa wa 'yan matan unguwa haka, su da ke sayen ƙanƙara a kowane lungu, dariya suke yi. A lokacin mai firigo sai wanda ke zaune a gidajen kamfani.

Balki na da wata tara. An ce mini mai shayarwa tana iya ajiye azumi, na ƙi. Nono ya ragu, yarinya ta dinga kuka. Ina da kaji biyu da nake ba dusa, sai wata rana na dafa ƙwai ɗaya na murje mata a cokali.

Inna Hajo ta ce, "Ke Habsu, mi kika ba ɗiyar ga? Ba a ba yaro ƙwai, ɓarawo shika zama."

Na ce, "Inna, ta yi satar ma, in dai ta rayu."

Ba a jima ba fuskar Balki ta yi rudu-rudu, ta amayar da abin da ta ci. Muka ce zafi ne, don duk yaran unguwa ƙurajen zafi sun feso musu. Na yi mata wanka, abin ya kwanta, ƙwan kuma muka ci gaba da sa shi a miya don kowa ya samu.

A tsakiyar azumi ƙyanda ta ɓulla cikin 'yan gudun hijira. Yaran daji ba a taɓa yi musu rigakafi ba, ga su a cunkushe. Da ayarin motoci ya iso ya zo da allura cikin akwatunan sanyi, mai shela ya zaga unguwa da lasifika. Na goya Balki, Tekna ta riƙo nata biyu, muka tafi ƙaramin asibitin unguwa. Mata sun cika rumfar. Majo Isuhu, babban ma'aikacin wurin, wani dogo mai furfura a gemu, shi ke yi da kansa. Da aka zo kanmu ya ce watanninta sun kai na allura biyu, ta ƙyanda da ta shawara. Ya yi mata, ta tsala ihu, na mayar da ita baya na koma gefe ina jiran Tekna.

Kukan ne ya fara canzawa. Ya dishe, ya koma kamar na ɗan akuya da aka shaƙe. Wata mata a bayana ta ce, "Baiwar Allah, dubi 'yarki." Na kwanto ta. Leɓunanta sun kumbura, idanu sun rufe, jiki duk ya yi taswira ja. Numfashinta na fita da fito. Sai wuyanta ya saki a hannuna.

Ban san na yi ihu ba, an ce na yi. Majo Isuhu ya tsallake benci, ya karɓe ta, ya kwantar bisa tebur. Ya fasa wata 'yar kwalba, ya zuƙa, ya soka mata a cinya. Ya tsaya yana kallon ƙirjinta, ni ina kallon fuskarsa. Da ya ga abin bai sake ta ba ya ƙara wata. Can sai ta ja iska da ƙarfi, ta fasa kuka, kuka na gaske. Ban taɓa jin abu mai daɗinsa ba. Da na ɗaga kai rumfar ta zama wayam. Takalma a warwatse, wani bido a kife. Tekna ma ta kwashi nata ta gudu ba a yi musu ba.

Aka sa mu a mota zuwa babban asibiti, aka riƙe mu har washegari. Da muka dawo gida Balki na tsotson yatsa kamar ba ita ba, amma unguwa ta riga ta gama shari'a.

Inna Hajo ta ce iska ce, yarinya ta gamu da su a hanyar pampo, a yi hayaƙi. Wani ɗan uwan Tekna da ya zo gaishe mu ya ce ruwan garin nan ne, uraniyom ya shiga jininmu duka, allura ta tayar da shi kawai. Wasu suka ce maganin ya lalace a hanya saboda rana. Wanda ya fi kowa murya shi ne Malam Sabi'u, Bakano mai butik a bakin titi, inda muke sayen sukari. Ya zo har ƙofar gida da mutane a bayansa.

Ya ce, "Maman Balki, sannu da wannan abu. Mu a wajenmu mun daɗe da sanin allurar nan. Masu kwashe ƙasar nan su ne masu aiko ta, so suke su rage mu. Ke Allah ya nuna wa. Ki fito ki gaya wa mata, kada kowa ya sake kai ɗansa."

Na ce, "Malam, kai ka ga abin da ke cikin kwalbar?"

Ya ce, "Sai na gani? Ga 'yarki nan."

Na ce, "'Yata ga ta nan da rai. Kuma wanda ya soka mata ta farko shi ya soka mata wadda ta tashe ta. In kashe ta aka aiko shi ya yi, me ya sa ya tsallake benci?"

Ya ce mace ba ta gane irin waɗannan abubuwa. Na ce to ya bari in na gane zan aika masa.

Da yamma kuma sai ga mai unguwa, a hankali, yana waige-waige. Lokacin dokar ta-ɓaci ce, kowa na tsoron bakinsa, ana kama mutum a kan magana ɗaya.

Ya ce, "'Yata, lokacin nan ba na surutu ba ne. In an tambaye ki, ki ce zazzaɓi ne ya taso mata. Kada a ce unguwarmu ce ta ɓata aikin gwamnati."

Na ce, "Baba, zazzaɓi na san shi. Wannan ba shi ba ne."

Ya ce, "Mijinki ba ya gari. Ki yi tunani."

Na yi tunanin. Wancan na so in ce guba ce, wannan na so in ce ba a yi komi ba, kuma cikinsu babu wanda ya riƙe ta lokacin da wuyanta ya saki. Ga ƙaramin ɗan Tekna yana wasa da yaran da 'yan uwansu ke kwance da ƙyanda. Na ce wallahi ba mai ɗora wa 'yata maganarsa.

Washegari da rana tsaka na goya ta na kama hanyar babban asibiti a ƙafa, da azumi a bakina. Ƙasa na ƙona ni ta cikin silifa. Motocin soji na wucewa, manyan motocin kamfani na wucewa, ba wanda ya dube ni. Na tarar da likitar da ta duba mu, wata 'yar Maraɗi, gajeriya, idanunta sun yi ja don gajiya. Ta taɓa Balki ta ce ai ta warke, in je gida.

Na ce, "Likita, ba magani na zo nema ba. So nake ki gaya mini abin da ya shaƙe ta."

Ta ce, "Hajiya, kin ga layin da ke waje?"

Na ce, "Na gani. Zan jira ki gama. Amma ba zan koma Bukoki hannu wofi ba, don can kowa ya san dalili sai ni uwarta."

Na zauna a dakali har layin ya ƙare. Da ta fito ta gan ni sai ta yi 'yar dariya, ta jawo kujera. Ta yi mini tambayoyi da yawa. Allurorin baya sun taɓa yi mata haka? Na ce a'a. Ta taɓa shan wani magani jikinta ya feso? A'a. Me take ci ban da nono? Na ce kunu, sai ƙwai da na taɓa ba ta sau ɗaya ta amayar, fuskarta ta yi rudu-rudu don zafi.

Ta ce, "Tsaya. Ba zafi ba ne wannan."

Ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce akwai jikin da ke ɗaukar wani abu mara cutarwa a matsayin abokin gaba, ya tashi faɗa da shi har ya nemi halaka kansa. Wani gyaɗa ce, wani kifi, wani harbin zuma, wani ƙwai. Allurar shawara kuwa a cikin ƙwan kaza ake renon ta, ɗan abin ƙwan yana saura a ciki. Ga mai irin jikin Balki wannan ɗan kaɗan ɗin ya isa.

Na ce, "To ƙwai ne ke nan."

Ta ce, "Shi na fi zargi, amma ba zan rantse miki ba. Allura biyu aka yi mata rana ɗaya. Akwai wani abu mai danƙo da ake sa wa wasu allurai don su jure tafiya, wasu jikinsu ba ya son shi. Akwai robar murfin kwalba. Akwai ɗan maganin kashe ƙwayoyin cuta da ke saura a wasu. Gwajin da zai raba mana su babu shi a nan, kuma kin san halin hanya."

Na tambaye ta rana fa, da ruwan garin nan. Ta ce allurar da rana ta buga ƙarfinta ke mutuwa, ba ta shaƙe yaro haka nan take. Maganar ruwa kuma magana ce mai zaman kanta, ba za ta ce mini ruwanmu lafiya lau yake ba, amma yaran da aka yi wa kafin Balki ruwan nan suke sha, daga kwalba ɗaya kuma aka zuƙa musu. Ta ce abin da ya same mu ba kasafai yake faruwa ba, ita ma tun da ta fara aiki ba ta taɓa gani da idonta ba sai a kanmu. Kada in sake ba ta ƙwai, kuma duk wanda zai yi mata allura har ta girma in gaya masa tun kafin ya buɗe kwalba.

Na ce, "In faɗa wa mutane haka?"

Ta ce, "Ki faɗa duka. Har da abin da na ce ban sani ba."

Da na gaya wa Inna Hajo sai ta tafa hannu ta ce, "Ba ni hwaɗa miki ba? Ƙwai!" Na bar mata wannan nasarar, ta ci abinta.

Da safe a layin pampo na sauke bido na kwanto Balki na ɗaga ta sama yadda kowa zai gani. Na ce ga ta nan, wadda ake ta magana a kanta. Na faɗi yadda ta kumbura, ban rage komi ba. Na faɗi abin da likita ta ce, da wanda ta ce ba ta da tabbas. Wata ta ce an biya ni. Na ce ta zo ta duba tukunyarmu ta ga abin da aka biya ni da shi. Wata ta ce in nata ɗan ma ya shaƙe fa? Na ce shi ya sa ba za ta gudu ba, za ta zauna kusa da majo har jikin yaron ya nuna lafiya, don da na kama hanyar gida a ranar da yanzu wani zance ake yi.

Da muka ɗora bidodi a ka Tekna ta matso kusa da ni. Hausarta ba ta rarrabe mace da namiji.

Ta ce, "Habsu, kai ba ka jin tsoro? Yarinya ya kusa mutu."

Na ce, "Ina ji. Amma ƙyanda na gani ta kashe ƙannena biyu a Damagaram, kuma ba wanda ya tsallake benci."

Muka iso ƙofar gida. Sannan ta ce, "Gobe ka raka ni."

Na raka ta. Na ci gaba da zuwa kullum har aikin ya ƙare, in gama ɗiban ruwa in tafi in zauna a bencin rumfar da Balki a cinya, ba don ana bukatata ba. Majo Isuhu ya koma tambayar kowace uwa abin da ɗanta ba ya jituwa da shi, kuma ba mai tashi sai ya sallame ta. Mata suka fara dawowa, ɗaya-ɗaya. Ba duka ba. Akwai gidajen da suka rufe ƙofa har ƙarshe, akwai kuma gidan da muka je gaisuwar mutuwa kafin salla. Malam Sabi'u ya daina sayar mini da sukari. Muka sha kununmu da tsamiya kawai, bai kashe mu ba.

Ana jibi salla ayarin motoci ya shigo da la'asar. Muna tsakar gida muna daka sai na ga mutum tsaye a ƙofa, ya rame, rawani ya rufe rabin fuska. Lawali ne. Bai yi sallama da ƙarfi ba, bai dube ni ba. Ya ajiye jaka ya zauna a ƙasa jikin katanga, ya ce, "Habsu, ya haƙuri?"

Na ce, "Haƙurin me?"

Kafin ya amsa Balki ta rarrafo daga rumfar Tekna, bakinta duk toka, ta kama taɓarya tana son miƙewa. Lawali ya dube ta. Ya dube ni. Ya janye rawanin daga fuskarsa.

Ya ce, "A tashar Agadas aka yi mini gaisuwa. An ce allura ta kashe ta."

Na ce, "Wa ya ce?"

Ya ce, "Kowa."

Ya ɗauke ta ya rungume yana kuka, ita kuma tana ja masa gemu. Inna Hajo na share ido da bakin zane. Na bar shi ya yi mai isarsa. Sannan na ɗauko rigarta ta salla da na ɗinka da hannu, na goge mata baki na sa mata.

Na ce, "Malam, ba ka huta ba tukuna. Ɗora ta a wuya. Ka bi ta gaban butik, ka bi ta ƙofar mai unguwa, ka kai har pampo. Duk wanda ka gani ka tsaya ku gaisa."

Ya ce, "Yanzu? Ko ruwa ban sha ba."

Na ce, "Ai ba a kira salla ba. Tafi."

Na tsaya a bakin ƙofa da taɓarya a hannu ina kallon su. Shi yana tafe a hankali, ita tana sama ta riƙe kunnuwansa, jar rigarta ana hango ta daga ƙarshen layi. A gaban butik ya tsaya, ya yi sallama da ƙarfi, bai matsa ba sai da aka fito aka amsa.